Masu saye da yawa, mai sayarwa ɗaya: Tarihin kokawar gidajen talabijin kan tseren Formula 1 a Birtaniya

Ranar Lahadi 24 ga Afrilun 2005, a filin tsere na Imola da ke arewacin Italiya, saura zagaye uku a kammala gasar San Marino. Fernando Alonso, matashi ɗan Sifen mai shekara 23, shi ne a gaba cikin motar Renault mai launin shuɗi da rawaya. A bayansa, kamar an ɗaure su da igiya, jar Ferrari ce ta Michael Schumacher, wanda ya riga ya ci kambun duniya sau bakwai. Daga matsayi na 13 ya taso, ya yi ta wuce motoci har ya zo ya liƙe wa Alonso. Sun shafe fiye da zagaye goma a haka, a kowace kwana Schumacher na neman kafar wucewa, Alonso na toshe ta. A gidajen Birtaniya jama'a sun ƙura wa akwatin talabijin ido, babu mai son ƙiftawa. Ana cikin haka sai hoton ya ɗauke, tashar ITV ta tafi talla. Kafin ta dawo, motocin sun riga sun shiga zagaye na ƙarshe. Alonso ya yi nasara da tazarar da ba ta kai rubu'in daƙiƙa ba. Ƙorafi ya yi ta kwarara zuwa Ofcom, hukumar da ke sa ido kan kafofin watsa shirye-shirye a ƙasar, har ITV ta fito ta ba da haƙuri.

Abin lura a wannan rana ya fi kuskuren wanda ya danna maɓallin talla girma. Mai kallon da ransa ya ɓaci ba shi da wata tasha da zai murɗa ya koma, domin ITV kaɗai ke da izinin nuna tseren a faɗin ƙasar. A nan ne tarihin gasar gidajen talabijin kan tseren motoci ya sha bamban da gasar da aka saba gani a kasuwa. Idan masu shinkafa biyu suka kasa kaya a rumfa ɗaya, mai saye ne ke cin riba, domin kowannensu zai yi masa ragi don ya ja shi. A Formula 1 kuwa mai kaya ɗaya ne, tashoshin su ne masu taya, kuma cinikin a ofis ake ƙulla shi shekaru kafin mai kallo ya zauna kan kujerarsa. Shekara kusan hamsin na kokawa tsakanin BBC da ITV da Sky da Channel 4 sun gyara yadda ake nuna tseren ƙwarai da gaske, wannan babu musu. Amma kowane sabon taya yana ƙara wa mai kaya kuɗi, kuma a ƙarshe aljihun mai kallo aka koma don a biya. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin ba daidai ba ne a bar wa kasuwa ita kaɗai hukuncin wanda zai ga tseren da wanda ba zai gani ba.

Kafin 1978 babu tashar da ke ɗaukar tseren motoci da wani muhimmanci a Birtaniya. BBC kan nuna gasar gida da ta Monako da 'yan kaɗan, sauran kuwa sai a jarida. A farkon 1976 ma ta janye kyamarorinta daga wani tsere a Brands Hatch saboda motar ƙungiyar Surtees na ɗauke da tallan Durex, kamfanin kororon roba, abin da shugabanninta suka ga bai dace ya shiga gidajen mutane ba. Sai dai a wannan shekarar ce wasan ya nuna irin labarin da yake iya bayarwa. Niki Lauda ɗan Ostiriya ya ƙone a cikin motarsa a Nürburgring ranar 1 ga Agusta, har aka fid da rai da shi, amma bayan mako shida ya dawo tsere da raunukan da ba su warke ba. A gasar ƙarshe a Fuji ta ƙasar Japan, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, Lauda ya ajiye motarsa ya ce ransa ya fi kambu, James Hunt ɗan Ingila kuma ya zo na uku ya ɗauke kambun da maki ɗaya tak. Daga nan masu gidajen talabijin suka gane cewa akwai kasuwa a nan.

Wanda ya fi kowa ganewa shi ne Bernie Ecclestone, tsohon dillalin babura da motoci da ya sayi ƙungiyar Brabham, ya kuma zama jagoran haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu ƙera motocin tsere, wato FOCA. A 1981, bayan doguwar taƙaddama da hukumar da ke kula da wasan, aka sa hannu kan Yarjejeniyar Concorde a Paris, wadda ta damƙa wa FOCA ikon cinikin haƙƙin nunawa a talabijin. Dabarar Ecclestone a farko ita ce arha da sharaɗi. Ya ba gidajen talabijin na Turai kayan a farashi mai sauƙi, amma duk wanda ya karɓa sai ya nuna gasar shekara gaba ɗaya, ba zaɓen mai daɗi a bar sauran ba. Ya san cewa kamfanonin da ke liƙa sunayensu a jikin motoci idon jama'a suke saye, kuma idon jama'a a tashoshin kyauta yake. Saboda haka duk darajar da wasan ya samu daga baya, tushenta miliyoyin mutane ne da suka kalla ba tare da an nemi ko sisi a hannunsu ba. Ya kamata a riƙe wannan, domin shi ne bashin da ake son mantawa da shi a yau.

BBC ta fara shirinta mai suna Grand Prix a 1978, da Murray Walker a bakin makirufo. Walker mutum ne mai zumuɗi, a tsaye yake sharhi, muryarsa na hawa da sauka tare da ƙarar injin. Da Hunt ya yi ritaya a 1979 aka haɗa su, mai zumuɗi da mai sanyin murya da ba ya tauna magana idan direba ya yi shirme. Makirufo ɗaya aka ba su don kada su riƙa magana a lokaci guda, sai ya zama ɗaya na jawabi ɗaya na miƙa hannu yana jiran a sakar masa. Sun yi aiki tare har rasuwar Hunt a 1993. A wannan zamani ne kuma aka ga amfanin tasha mai hankalin kanta. Ranar 1 ga Mayun 1994, da motar Ayrton Senna ta daki bango a Imola, tashar RAI ta Italiya ce ke ba duniya hoto, jirginta mai saukar ungulu na shawagi a saman wurin yana nuna likitoci a kan direban da ke kwance. BBC na da kyamararta a layin da ake sauya taya, sai ta kawar da kai ta koma can, ta hana masu kallonta ganin abin da bai kamata a gani ba. Senna ya rasu a ranar.

Duk da haka bai kamata a yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. BBC ta daɗe tana yi wa tseren riƙon sakainar kashi, domin ba ta da abokin hamayya. Gasar da ake yi a nahiyoyi masu nisa sau da yawa guntayenta kawai ake nunawa da dare. Wanda ake nunawa kai tsaye ma akan katse shi a leƙa wasan kurket ko wani wasa dabam a cikin shirin wasannin Lahadi. Akwai gasa da dama da Walker da Hunt suka yi sharhinsu daga ɗakin shirye-shirye a Landan, suna kallon allo kamar kowa. Don haka da labari ya fito a Disambar 1995 cewa ITV ta ƙwace haƙƙin na shekara biyar daga 1997, a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai fam miliyan 60, ba zalunci aka yi wa BBC ba, sakacinta ne ya kama ta. Tserenta na ƙarshe shi ne na Suzuka a 1996, inda Damon Hill ya ci kambun da mahaifinsa Graham ya taɓa ci sau biyu, Walker kuma ya kasa ƙarasa magana don kuka ya shaƙe shi.

ITV ta zo da zafinta. Ta ɗauko Walker, ta haɗa shi da Martin Brundle, tsohon direba mai iya warware abu mai sarƙaƙiya cikin jimla biyu. Ta tsawaita shirin share fage, ta kai ma'aikatanta filayen tsere, ta mai da nuna gwajin neman gurbi na ranar Asabar al'ada. A Silverstone a 1997 Brundle ya fara abin da ya zama tambarinsa har yau: mintuna kaɗan kafin a tashi, yana kutsawa tsakanin motocin da aka jera a layin farawa, makirufo a hannu, mai kyamara na binsa, yana tsayar da direba ko injiniya ko wani babban baƙo ya jefa masa tambaya a cikin hayaniyar makanikai. Mai kallo a gida ya ji kamar shi ma yana taka kwaltar. Wannan ribar gasa ce zalla. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Fam miliyan 60 ba daga sama za su faɗo ba, daga talla za su fito, kuma tsere ba shi da hutun rabin lokaci irin na ƙwallon ƙafa. Duk inda aka saka tallar, a tsakiyar wasa aka saka ta. Bayan abin kunyar Imola na 2005, a Suzuka a 2006 injin Schumacher ya yi hayaƙi yana kan gaba, abin da kusan ya yanke hukuncin kambun shekarar, masu kallon ITV kuma suna kallon talla a daidai lokacin.

A tsakiyar zamanin ITV aka yi wani gwaji da ba a cika tunawa da shi ba, alhali shi ya fi komai bayyana inda aka dosa. Tun 1996 Ecclestone ya zuba kuɗi mai yawa a shirinsa na dijital, mai kyamarori da yawa da allon lokaci da hoton cikin mota, wanda ake sayarwa ga tashoshin biya a Jamus da Italiya da Faransa. A 2002 aka kawo shi Birtaniya ta hanyar Sky, kowane tsere a kan kimanin fam 12. Ya fi na ITV kyau, kuma babu talla a ciki. Duk da haka mutane ba su saya ba, a ƙarshen shekarar aka rufe shi baki ɗaya. A wannan shekara mai kallo ya samu zaɓi na gaskiya a kan kowane tsere, tashoshi biyu suna nuna abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ya zaɓi na kyauta duk da tallarsa. Darasin da masu kaya suka ɗauka a bayyane yake. Tashar biya ba za ta yi kasuwa ba muddin ƙofar kyauta na buɗe kusa da ita. Duk abin da ya biyo baya a shekaru ashirin na gaba, rufe wannan ƙofa ne sannu a hankali.

A Maris na 2008 ITV ta ajiye kwantiraginta saura shekara biyu, ta mai da kuɗinta kan gasar Zakarun Turai ta ƙwallon ƙafa. Tserenta na ƙarshe, a Interlagos ta Burazil, shi ne wanda Lewis Hamilton ya wuce Timo Glock a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe, ya zo na biyar, ya ƙwace kambun daga hannun Felipe Massa da maki ɗaya. Fiye da mutum miliyan 12 ne suka ga wannan lokaci a Birtaniya. BBC ta dawo a 2009, kuma BBC ɗin da ta dawo ba wadda ta tafi ba ce. Ta koyi darasi daga kishiyarta, ta riƙe Brundle, ta ƙara da David Coulthard da Eddie Jordan, ta nuna kowane tsere kai tsaye daga farko har ƙarshe ba talla. A Yunin 2011 ruwan sama ya tsayar da gasar Kanada wajen awa biyu, tseren ya ci sama da awa huɗu, BBC ta ture sauran shirye-shiryenta ta zauna da shi har Jenson Button, wanda ya taɓa komawa na ƙarshe, ya wuce Sebastian Vettel a zagayen ƙarshe. Waɗannan shekaru uku su ne mafi kyau da mai kallo na kyauta ya taɓa samu, kuma gasa da ITV ce ta haife su.

Mako bakwai bayan tseren Kanada, ranar 29 ga Yulin 2011, aka sanar cewa daga 2012 Sky za ta nuna dukkan gasar kai tsaye, BBC kuma rabi kawai, sauran sai guntaye bayan an gama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar ta faru ne a 2010, lokacin da gwamnati ta daskarar da kuɗin lasisin talabijin da BBC ke dogaro da shi a kan fam 145.50 na shekara shida, ta kuma ɗora wa BBC nauyin Sashenta na Duniya, wanda Sashen Hausa ke ƙarƙashinsa, bayan a da Ma'aikatar Harkokin Waje ce ke biya. Sky ta buɗe tasha sukutum don Formula 1 a Maris na 2012, Brundle ya koma can. A Disambar 2015 BBC ta sake ajiye kayan saura shekara uku, Channel 4 ta ɗauka, tana nuna kusan rabin gasar kai tsaye ba tare da katse tsere da talla ba. Wata uku kacal bayan haka, a Maris na 2016, aka sanar cewa daga 2019 zuwa 2024 Sky ce kaɗai mai nunawa kai tsaye, in ban da gasar Birtaniya, a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura fam biliyan ɗaya. A 2022 aka tsawaita yarjejeniyar zuwa 2029. Haka abin ya gudana a maƙwabta: TF1 ta Faransa ta rasa tseren ga Canal+ a 2013, RTL ta Jamus, wadda ta nuna shi tun 1991 ta kuma raka Schumacher duk tsawon zamaninsa, ta sauka a ƙarshen 2020.

Masu kare wannan tsari suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce inganci. Sky na nuna kowane atisaye da kowane gwaji, tana da tsofaffin zakarun duniya a cikin masu sharhinta, ba ta katse tsere da talla, kuma wanda ya biya yana samun abin da mai kallon 1985 bai taɓa mafarkinsa ba. Gaskiya ne. Amma a tambaya daga ina hoton tseren kansa yake fitowa. Tun wajen 2007 kamfanin Formula 1 ne da kansa ke ɗaukar kusan dukkan gasar ya rarraba wa tashoshin duniya, Monako ce ta ƙarshe da ta miƙa wuya a 2023. Kyamarar cikin mota da maganar direba da injiniyansa da alƙaluman da ke gefen allo duk daga tukunya ɗaya suke, ko a Sky aka kalla ko a Channel 4. Abin da tasha ke ƙarawa shi ne murya da sharhi da abin da ke kewaye da tseren. Kuma rashin talla ba Sky ce ta ƙirƙiro shi ba, BBC ta yi daga 2009, Channel 4 mai rayuwa da talla ita ma ta yi daga 2016. Ingancin da ake tutiya da shi bai dogara ga kulle ƙofa ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Wasan yana cin kuɗi, ƙungiyoyi na ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata, kuma ba adalci ba ne a karɓi kuɗin lasisi daga tsohuwar da ba ta damu da mota ba a zuba a wasan attajirai. Wannan magana tana da gaskiya a kan BBC, kuma ban ga laifinta ba da ta zaɓi riƙe labarai da sauran shirye-shirye. Amma a duba inda kuɗin ke tafiya. A 2001 hukumar FIA mai kula da wasan ta ba kamfanin Ecclestone haƙƙin kasuwancin wasan na shekara ɗari a kan kuɗin da bai wuce dala miliyan 300 da 'yan kai ba. A Janairun 2017 kamfanin Liberty Media na Amurka ya kammala sayen wannan kasuwanci a kan darajar dala biliyan 8 idan aka haɗa da basussuka. Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ƙananan ƙungiyoyi sun yi ta durƙushewa, HRT a 2012, Caterham a 2014, Manor a farkon 2017, duk a zamanin da kuɗin tashoshin biya ke shigowa. Ashe tsadar haƙƙin nunawa ba daga tsadar tsere ta samo asali ba, daga ƙarfin mai sayarwa guda ɗaya ne da ke da masu taya da yawa. A daidai wannan lokaci alƙaluman kamfanin kansa sun nuna masu kallo a duniya sun ragu daga kimanin miliyan 600 a 2008 zuwa kimanin miliyan 400 a 2015.

Hujja ta uku ita ce wadda aka fi ji a yau: ai wasan bai mutu ba, ƙara bunƙasa ma ya yi. Mutum 480,000 ne suka halarci Silverstone a ƙarshen makon gasar 2023, matasa da mata sun shigo da yawa. Wannan ma gaskiya ne, sai dai a duba ta wace ƙofa suka shigo. Ecclestone ya ƙi jinin a saka hoton tsere a intanet. Liberty ta buɗe wannan hanya, ta riƙa sakin guntayen tsere kyauta a YouTube, ta bar ƙungiyoyi da direbobi su yi hulɗa da jama'a a shafukan sada zumunta, sannan a 2019 Netflix ta fara shirin Drive to Survive, wanda ya kai labarin direbobi ga mutanen da ba su da tashar wasanni. Wato farfaɗowar ta zo ne daga sassauta kulle, ba daga tsananta shi ba. Kuma ranar da aka buɗe babbar ƙofar an ga abin da ya faru. Ranar 12 ga Disambar 2021, Hamilton da Max Verstappen suka isa Abu Dabi kowanne da maki 369.5. Sky ta yarda Channel 4 ta nuna tseren kyauta, kuma masu kallo suka kai kimanin miliyan 7.4 a ƙololuwa, ninkin abin da aka saba gani a tseren da ke bayan kulle. Mutanen nan suna nan tun da, kuɗi ne ya tsare su a waje.

Mai karatu a Kano ko Maradi ba baƙo ba ne ga wannan labari. Gidan kallon ƙwallo da ya cika unguwanninmu amsa ce da talaka ya ba wa irin wannan tsari, mutum ɗaya ya sayi dikoda ya biya kuɗin wata, sauran su haɗa 'yan canji su zauna a benci. Ƙwallon ƙafa ta jure haka domin yaro na iya buga ta a lungu da ƙwallon tsumma, ko bai taɓa ganin ta a allo ba. Tseren mota ba shi da wannan gata. Babu yaron da zai yi Formula 1 a bayan gida, hanya ɗaya da zai san da shi ita ce ya ci karo da shi a talabijin wata ranar Lahadi ba tare da ya nema ba. Hamilton, wanda ya ci kambu sau bakwai, a unguwar masu ƙaramin ƙarfi ya tashi a Stevenage, mahaifinsa na haɗa aiki biyu da uku don ya saya masa ƙaramar motar tsere. A shekarun da yake yaro, Senna na shigowa ɗakinsu kyauta. Tashar biya tana yi wa wanda ya riga ya kamu da son wasan hidima mai kyau, amma ba ta haifar da sabon masoyi, domin ba mai biyan kuɗin wata don abin da bai taɓa gani ba.

Maganin ba baƙon abu ba ne, kuma ba ya buƙatar a kori Sky. Dokar Watsa Shirye-shirye ta Birtaniya ta 1996 ta tanadi jerin wasannin da dole a ba tashoshin kyauta damar nuna su kai tsaye, irin su gasar Olamfik da Kofin Duniya da wasan ƙarshe na Kofin FA da na Wimbledon da sukuwar dawaki ta Grand National. Formula 1 ba ya ciki, ko da gasar Silverstone, duk da cewa a can aka yi tseren farko na gasar duniya a 1950, kuma yawancin ƙungiyoyin a Ingila suke ƙera motocinsu. Nuna gasar gida kyauta da ake yi yanzu sharaɗin kwantiragi ne da zai iya ɓacewa a ciniki na gaba, buɗe ƙofar Abu Dabi kuma kyauta ce daga Sky, wadda za ta iya hanawa gobe. Italiya ta saka gasar Monza a jerinta na doka. A Ostiriya tashoshi biyu na kyauta, ORF da ServusTV, suna raba gasar shekara a tsakaninsu tun 2021. Idan Birtaniya ta saka gasar gida da duk tseren da zai yanke hukuncin kambu a cikin jerin, mai kaya zai rasa wani abu daga farashinsa, Sky za ta ci gaba da riƙe tsere sama da ashirin a shekara, jama'ar da idanunsu suka gina darajar wasan tun 1978 kuma za su samu haƙƙin da ba sai sun roƙa ba. Tarihin ya nuna tashoshi sun fi yin aiki mai kyau a lokacin da suke tsoron mai kallo zai tafi, kuma mai kallo ba shi da abin tsoratar da kowa sai an bar masa wata ƙofa a buɗe.